Jirgin da ya kuɓuta daga hannun 'yan gwangwan

Shekara 30 da ɗoriya ina harkar ƙarfe a Ƙofar Ruwa, kuma sana'a takan ɓata wa mai ita ido. Duk abin ƙarfe da na gani, ƙofar gida ce ko gada, kafin bakina ya ce ya yi kyau zuciyata ta riga ta ɗora shi a sikeli. Da wannan idon na tafi Kanada wajen ƙanwata da ke aure a Mississauga, kusa da Toronto, lokacin da babban ɗanta ya gama jami'a. An kai ni Niagara na ga ruwa yana zuba kamar za a tashi duniya, an hau da ni doguwar hasumiyar Toronto har jiri ya ɗebe ni, duk na yaba daidai gwargwado. Ana saura kwana huɗu in dawo sai yaron ya same ni bayan sallar asuba.

"Kawu, yau akwai inda zan kai ka. Na lura duk inda muka je kara kawai kake yi mana. Wannan kuwa ƙarfe ne zalla."

"Masana'anta ce?"

"Jirgin ruwan yaƙi ne, na Yaƙin Duniya na Biyu. Yana Hamilton, kuma ana barin mutane su shiga har cikin injinsa."

Muka kama jirgin ƙasan nan mai hawa biyu, kore da fari, daga tashar Port Credit. Layin dogon yana bin gefen Tafkin Ontario ne ta Oakville da Burlington, tafiyar kusan awa guda. Ni tafkin da na sani shi ne irin su Tiga da Bagauda, wannan kuwa sai ka rantse teku ce. Hamilton garin narka ƙarfe ne, tun daga nesa kana hango dogayen bututun hayaƙi a tsallaken ruwa, shi ya sa garin ya kwanta mini tun ban sauka ba. Daga tashar West Harbour muka gangara bakin ruwa a ƙafa, kamar minti 20.

Sai ga shi ɗaure a kwata, launin toka, da lamba 215 ɓaro-ɓaro a gefensa. Sunansa Haida. Da farko Haidar kunnena ya ji, har na ce ashe ɗan gida ne. Tsawonsa ƙafa 377, ya ɗara filin ƙwallo ke nan, amma faɗinsa ƙafa 37 da rabi kacal. Kamar an kwantar da takobi a ruwa. Turawan wurin duk "ita" suke ce masa, haka al'adarsu take da jiragen ruwa, amma a bakina jirgi namiji ne, kuma haka zan ci gaba da kiransa.

Muna hawa, abin da na fara yi shi ne na dunƙule hannu na ƙwanƙwasa bango. Yaron ya kwashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don amon da ya dawo mini ba shi na zata ba. Na ɗauka zan tarar da faranti mai kaurin tafin hannu, sai na ji irin wanda muke sayar wa masu ƙera tanki. Wata budurwa cikin ma'aikatan wurin ta ga abin da nake yi, ta matso ta ce ai irin wannan jirgi ba a yi masa sulke. Nauyin da sulke zai ci, inji da bindigogi aka ba. Harsashin igwa in ya same shi, ratsa shi yake yi. Garkuwarsa ɗaya ce, gudu. Wannan magana ta zauna mini, kuma da ita na zagaye jirgin.

Irinsa ake kira distiroya, wato mai hallakarwa. Asali an ƙirƙiro su ne a ƙarshen ƙarni na 19 don farautar ƙananan jirage masu harba tofido, dogon bam ɗin nan mai farfela da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ya huda cikin jirgi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun zama yaran gida, kowane aiki su ake turawa: raka ayarin jiragen kaya, farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, kai farmakin dare, tsamo waɗanda jirginsu ya nutse. Nan na tuna wani tsoho a unguwarmu muna yara, tsohon sojan Bama, mai ba mu labarin makonnin da suka yi a teku daga Legas zuwa Indiya a 1943, yadda ƙananan jiragen yaƙi ke kai-komo a gefen nasu babban kamar karnukan farauta. Ba Haida ne ya raka su ba, shi aikinsa can arewa ne, amma sai a ranar na gane abin da tsohon yake kwatantawa da hannu.

Sunan ma akwai labari a bayansa. Haida sunan wata al'umma ce ta 'yan asalin Kanada, mazauna tsibiran Haida Gwaii a bakin tekun Fasifik, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Jirage 27 aka ƙera a wannan samfuri, 16 na Birtaniya, 8 na Kanada, 3 na Ostareliya, kusan duka da sunayen ƙabilu. Cikin na Birtaniya akwai Zulu, Somali, Nubian, Mashona, Matabele da Ashanti. Na bi jerin da yatsa ina neman Hausa ko Fulani, babu. Ban sani ba ko in ji haushi ko in gode Allah, don Bature yana da wata ɗabi'a: ya yaƙe ka ya ci ƙasarka, sannan ya raɗa wa jirginsa sunanka wai girmamawa. Shi Ashanti har Takoradi ya je a 1939, Sarkin Asante Prempeh na Biyu ya ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya. Cikin 27 ɗin nan yaƙi ya ci 13. Sauran duk an sayar da su ga masu yanka, in ban da wannan da nake tsaye a kansa.

A Ingila aka ƙera shi, a Newcastle, a ma'aikatar Vickers-Armstrongs. An kafa ƙashin bayansa a Satumban 1941, aka tura shi ruwa a Agustan 1942, ya fara aiki ranar 30 ga Agustan 1943 a hannun Kwamanda Harry DeWolf, mutumin Nova Scotia. Wai shi DeWolf ɗin nan, duk da ya kai har shugaban rundunar ruwan Kanada daga baya, bai taɓa rabuwa da tashin zuciya a teku ba. Wannan ya sa na ji ya burge ni fiye da lambobin yabonsa.

Muka sunkuya muka shiga ɗakin ƙananan sojoji da ke gaban jirgin. Mutum wajen 250 ke rayuwa a jirgin nan, kuma yawancinsu a nan gaba ake cusa su. Babu gado. Shimfiɗar tamfol ce ake ratayewa kamar lilo a saman teburan cin abinci, kafaɗa na gugar kafaɗa, da safe a naɗe a ɗaure. A wurin ake ci, a wurin ake barci, a wurin ake shanya jiƙaƙƙun kaya. Hafsoshi suna can baya da ɗakunansu da falonsu. Na ga ɗakunan 'yan ci-rani a Legas, mutum goma a ɗaki ɗaya, amma su aƙalla ƙasa ba ta motsi a ƙarƙashinsu.

Kuma ka san inda aka fara tura su? Hanyar Rasha ta can saman Norwe, raka jiragen da ke kai wa Tarayyar Sobiyat makamai da abinci ta tashar ruwan Murmansk. A watan Disamba rana ba ta fitowa a can, sai ɗan haske kamar na almuru na 'yan awoyi, har na tambayi kaina yadda mutum zai bambance azahar da la'asar. Ruwan da igiyar teku ta watso yakan daskare a kan bindigogi da igiyoyi, dole a fito da guduma a farfasa, in ba haka ba nauyin ƙanƙara ya kifar da jirgin. Haida yana cikin 'yan rakiyar ayarin jirage 19 da babban jirgin yaƙin Jamus, Scharnhorst, ya fito farauta a ƙarshen Disamban 1943. Manyan jiragen Birtaniya suka tare shi suka nutsar da shi ranar 26 ga wata, cikin mutum kusan 2,000 aka tsamo 36. Haida bai harba masa ko harsashi ɗaya ba. Umarninsa shi ne ya tsaya da ayari, ya kuma tsaya.

Ɗakin inji ne ya fi cin lokacina. Tsani ne a miƙe kamar na rijiya, yaron yana ta "Kawu, a hankali, riƙe da hannu biyu." Tukwanen tururi uku ke dafa ruwa da baƙin mai, tururin ya juya manyan injuna biyu, su kuma su juya farfela biyu. Ƙarfin doki 44,000. Da shi jirgi mai nauyin tan 2,000 yake gudun kilomita 67 a awa a kan ruwa. Na tsaya ina kallon bututu da famfuna da agogunan awo, tagulla da jan ƙarfe ko'ina, aikin hannu mai tsabta irin wanda ba a yi yanzu. Sai na tuna da kaurin bangon. Masu aiki a nan suna ƙasa da saman ruwa, ba sa ganin komai, sai dai su ji ƙararrawa ta ce ƙara gudu ko rage. Tsakaninsu da teku farantin nan ne da na ƙwanƙwasa.

Daga can ƙasa muka hau can sama, inda kyaftin ke tsayawa. Na zaci ɗaki ne da gilashi kamar gaban babbar mota. Ashe baranda ce buɗe, ba rufi, ruwan sama da iska da ƙanƙara duk a kanka. Mai riƙe da sitiyari ma ba a nan yake ba, yana wani ɗaki a ƙasa, ana yi masa magana ta bututu. A wannan baranda budurwar nan ta sake samun mu, ta ba mu labarin daren da ya sa har yau nake tuna jirgin.

A farkon 1944 an mayar da Haida Plymouth, kudancin Ingila, cikin wata runduna ta distiroya. Ana shirin tsallakawa Faransa da Jamus ta mamaye, ana so a share jiragen yaƙin Jamus daga yammacin mashigin ruwan da ke tsakanin ƙasashen biyu. Aikin dare ne: a fita da magariba, a bi gaɓar Brittany ta Faransa, a dawo kafin gari ya waye jiragen sama su gan ka. Daren 25 wayewar 26 ga Afrilu suka nutsar da wani jirgin Jamus mai lamba T29, amma a cikin hargitsin Ashanti da Huron, wani jirgin Kanada ɗan samfurinsu, suka yi karo da juna, aka kai su gyara. Shi ya sa daren 28 ga wata jirage biyu kaɗai suka fita, Haida da ɗan'uwansa Athabaskan. Ma'aikata ɗaya ta ƙera su, a kwata ɗaya suke kwana, mutanensu sun san juna.

Wajen ƙarfe 4 na asuba suka ci karo da jiragen Jamus biyu, T24 da T27. Aka harba harsashi mai haske, aka buɗe wuta. Jamusawan suka juya da gudu, amma suna juyawa suka saki tofido, ɗaya ya sami Athabaskan a baya, ya tsaya cak. DeWolf ya kewaya ya lulluɓe shi da hayaƙi don kada a ci gaba da dukansa, sannan ya bi T27 yana harbi har ya kora shi kan duwatsun gaɓa yana ci da wuta. Suna cikin haka sai sararin bayansu ya haskaka da wata fashewa mai girma. Da Haida ya dawo, babu Athabaskan. Sai ƙananan fitilu na rigunan ceto suna ƙyalli a ruwa, mutane fiye da ɗari cikin baƙin mai, wasu a ƙone, ga sanyin teku.

To, a nan ne maganar garkuwa ta dawo. Gaɓar da Jamusawa ke riƙe da ita ba ta fi 'yan mil kaɗan ba, da igwoyinta da filayen jiragen samanta. Alfijir ya kusa. Jirgin da ba shi da sulke, in ya tsaya ya zama allon koyon harbi. DeWolf ya ba da umarni a tsayar da inji. Aka zura ragar igiya a gefen jirgin, aka jefa duk wani kwale-kwale da abin da zai iya yawo a kan ruwa, mutane suka sauka kan ragar har ruwa ya kai musu ƙugu suna jawo 'yan'uwansu, ga mai yana sa jiki santsi, ka kama mutum ya suɓuce. An ruwaito cewa kyaftin ɗin Athabaskan, John Stubbs, ɗan shekara 31, yana cikin ruwan tare da mutanensa, shi da kansa ya ɗaga murya yana ce wa Haida ya tafi ya tsira. Tsayuwar ba ta kai minti 20 ba. An tsamo mutum 40 da 'yan kai, sannan DeWolf ya ce a tayar da inji, alhali ana jin muryoyin sauran.

Mutum 128 suka rasu, har da Stubbs, wanda aka binne a garin Plouescat na gaɓar Brittany tare da da yawa daga cikin mutanensa da teku ta kai gaɓa. Wasu fiye da 80 kuma Jamusawa ne suka tsamo su da safe suka kai su sansanin fursunoni.

Da ta tafi wajen wasu baƙi, yaron ya daɗe yana leƙa ruwa ta kan barandar. Can ya ce, "Ni dai Kawu, da ya ƙara ko minti goma. Yana jin su fa."

Na ce, "Da ya ƙara, jirgin sama ya zo, mutum 300 sun bi 128."

"Ai bai zo ba."

"Shi ya san ba zai zo ba?"

Ya yi shiru, sannan ya juyo. "Da kai ne fa, Kawu?"

Ban ba shi amsa ba sai "Allah kada ya ɗora mana." Amma a raina na san lissafin, don duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Gwari da dare a shekarun da ta yi ƙamari ya san shi. Ka ga mota ta kife a gefen daji, mutane suna ɗaga maka hannu, ga fasinja cike da taka motar. In ka wuce, ba za ka yi barci ba. In ka tsaya, ba ranka kaɗai ka sa a caca ba. Ni a ganina tsayuwar da tafiyar duk aikin namiji ne, kuma tafiyar ta fi ɗaci. Yaro ɗan shekara 23 ba zai yarda da wannan ba, ban kuma matsa masa ba.

Akwai ragowar labarin. Cikin abubuwan da aka sauke a daren har da ƙaramin kwale-kwalen jirgin mai inji, kuma mutum uku na Haida suka zauna a cikinsa da aka tafi. Suka tsamo mutum shida na Athabaskan, da wasu biyu na Haida da ruwa ya fizge daga kan raga lokacin da jirgin ya motsa. Da inji mai mutuwa yana tashi suka nufi Ingila, tafiyar mil wajen 100, aka wuni ana ɗaukar sun halaka, sai da yamma jiragen ceto suka same su. An gyara kwale-kwalen an adana shi. Bai fi waɗanda ake fito da su a Yawuri ba.

Abin da ya biyo baya na ramuwa ne, kuma shi Kanadawa suka fi son faɗa. Daren 8 wayewar 9 ga Yuni, kwana uku bayan sojojin ƙawance sun sauka Normandy a gaɓar Faransa, jiragen Jamus huɗu suka taso daga tashar ruwan Brest za su faɗa wa masu tsallakawa. Distiroya takwas suka tare su: huɗu na Birtaniya har da Ashanti, biyu na Folan, sai Haida da Huron. Aka nutsar da ɗaya, Haida da Huron suka kora babban cikinsu, Z32, kan duwatsun tsibirin Batz. Ranar 24 ga Yuni kuma Haida da jirgin Birtaniya Eskimo suka yi ta zuba wa wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-971, bama-baman nutso har ya taso dole. Mutum ɗaya ne ya mutu a cikinsa, sauran 50 da ɗoriya aka tsamo su. Wata biyu bayan ya bar 'yan'uwansa a ruwa, sai ga shi ya sami sukunin kwashe abokan gaba kusan kaf. A Agusta wani harsashi ya fashe a ɗaya daga cikin bindigoginsa ya kashe mutum biyu. Jimillar nauyin jiragen da ya nutsar ta fi ta kowane jirgin yaƙin Kanada, da wannan suke yi masa kirari.

Bindigogin da ke kansa yanzu ba na wancan yaƙin ba ne. An sake masa fasali a farkon shekarun 1950, aka canza manyan bindigogin, aka kafa masa a baya wasu turame masu baki uku-uku da ke cilla bam gaba da jirgin, lambarsa ma ta koma 215 daga G63. Da wannan siffa ya je Koriya sau biyu. Aikinsa mafi suna a can abin mamaki ne: harbin jirgin ƙasa daga teku. Layin dogon gabashin Koriya ta Arewa yana bin bakin ruwa ne, yana shiga ramukan duwatsu yana fita, sai jirgin ruwa ya laɓe da dare yana jiran jirgin kaya ya fito fili tsakanin rami da rami. A Janairun 1953 Haida ya sami nasa. Kafin nan, a 1949, ya tsamo mutum 18 na wani jirgin saman yaƙin Amurka da ya faɗa teku a yankin Bamuda. Bayan Koriya sai atisaye da tsufa. Jikinsa ya fara tsagewa, aka sallame shi ranar 11 ga Oktoban 1963, aka sa shi a layin masu yanka.

Nan fa labarin ya shigo unguwarmu. Na san yadda ake yi, don da irin wannan muke ci. Gwamnati ta yi gwanjo, mai gas ya zo da yaransa, a fara da tagulla da jan ƙarfe da wayoyi, a bi da injuna, a ƙare da gangar jiki. Sai wasu mutane 'yan kaɗan a Toronto, ba attajirai ba, suka haɗa kai suka kafa ƙungiya suka saye shi a kan dala 20,000. Ina jin kuɗin na buga lissafi a ka: tan 2,000, dala 10 ke nan kowane tan. Na ce wa yaron ko a wancan zamani wannan kyauta ce. Cikin mutanen akwai matuƙin jirgin sama, akwai kuma wani ɗan jarida, Peter Ward, wanda mahaifinsa yana cikin 128 ɗin da suka rasu a Athabaskan. Wato ɗan wanda bai samu hawa jirgin a daren nan ba, yana cikin waɗanda suka hana a yanka shi. Aka jawo shi Toronto a 1964, ya shekara kusan 40 a can, sannan hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasar ta karɓe shi a 2002, ta gyara masa ciki, aka kawo shi Hamilton ranar 30 ga Agustan 2003, daidai shekara 60 da fara aikinsa. A 2018 aka naɗa shi jagoran jiragen rundunar ruwan Kanada na girmamawa, shi da ko motsi ba ya yi.

Tambarinsa wani tsuntsu ne mai kai biyu daga tatsuniyoyin mutanen Haida, wanda suke cewa fukafukansa ne ke kawo tsawa. Na gaya wa yaron ai mu ma babban jirgin yaƙinmu sunansa Aradu, Jamusawa suka ƙera mana shi, ya fara aiki a 1982, har ya ɗan fi wannan tsawo. A Kanada aka goyi yaron, bai san kalmar ba. Sai da na ce masa, "In ka ji mamanka ta ce aradu, ai ka san rantsuwa ta kai maƙura," sannan ya gane.

Azahar ta same mu a wurin. Muka yi alwala da ruwan gora, muka yi salla a kan ciyawa daga gefen kwatar, inuwar jirgin ta kusa kai mana. Wani dattijo da karensa ya ja igiya ya kewaye ta bayanmu. Da muka sallame na shiga ɗan shagon wurin na sayi hula mai tambarin tsuntsun nan.

A hanyar komawa tasha yaron ya dube ni yana murmushi. "To Kawu, gaskiya fa. Ka auna shi ko ba ka auna ba?"

"Tun muna kan tsanin hawa."

"Wata nawa zai ɗauke ka?"

"In ga yara goma da gas isasshe, wata huɗu. Ɗakin injin kaɗai ya mayar da uwar kuɗi."

"Za ka iya?"

Na ce masa ya duba wayarsa ya ga ƙarfe nawa jirginmu zai zo. Ya duba, saura minti 12, muka ƙara sauri. Hular tana nan rataye a shagona, saman sikeli, kuma ba a mako wani bai tambaye ni ta wace ƙungiyar ƙwallo ce ba.